Jinin Gidan Dabo

Gwiwar Muhsin ta sake kumbura, don haka Zuwaira ce ta tallabe shi suka sauka daga mota a ƙofar asibitin Ƙaraye. Saurayi ne, tela, amma ko allura ce ta soke shi, jinin kan wuni yana tsiyaya.

Zuwaira ta san ciwon nan tun kafin ta san sunansa. Tana ƙarama a Gwangwan wanta ya rasu a wurin kaciya. Ƙanenta kuwa daga kan jaki ya faɗo ya ciji harshe, ita ta zauna riƙe masa kwano har numfashinsa ya tsaya. Har yau in za a yanka kaza a gidan mahaifinta Dabo, inda take zaune, ɗaki take shigewa ta toshe kunne.

Bayan rasuwar ƙanen ne wani malamin asibiti ya yi musu bayani: maza ciwon ke kamawa, amma mata ke ɗauke da shi, su miƙa wa 'ya'yansu. Ta ji, ta riƙe. Tun daga ranar take jin tsoron jinin jikinta.

Bana likitoci suka zo daga Kano suna gwada jinin iyalai irin nasu. Wancan zuwan sun ɗebi nata da na Muhsin, yau aka ce su dawo.

"Likita, na ji wai ana iya gyara ƙwayar halittar da ta ɓaci, jini ya riƙa daskarewa da kansa," in ji Muhsin.

"Ana kan gwaji a ƙasashen waje," in ji likitar. "Kamar ka warware ɗinkin da ya karkace ne ka sake shi daidai. Bai iso mu ba tukuna, amma kai da sauran shekaru a gabanka."

Muhsin ya juyo yana murmushi. "Inna, kin ji ko?"

"Allah ya nuna mana," ta ce.

Likitar ta roƙe shi ya ɗan jira a waje. Da ya fita, ta matso da kujerarta.

"Baba, sai da muka maimaita gwajinki don mu tabbatar. Ba kya ɗauke da ciwon nan, ba ki taɓa ɗauke da shi ba. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ta inda ɗanki Muhsin ya same shi."

Zuwaira ta dubi ƙofar da Muhsin ya fita.

"Ta wurin uwarsa," ta ce a hankali. "Ƙanwata ce. Wurin haihuwarsa jini ya tafi da ita."

"Allah ya jiƙanta. To, ki kwantar da hankalinki a kan 'ya'yan cikinki, duk lafiyarsu ƙalau. Su nawa ne?"

Zuwaira ta ja mayafi ta rufe furfurarta. Tun tana budurwa ta sa aka mayar wa wanda take so kayan aurensa, da duk wanda ya biyo bayansa, don kada ta haifi ɗan da za ta kashe da jininta.