Shekara Biyun da Babu a Takarda

Harouna ya ajiye ledar takardunsa a kan tebur, ya share zufa da hularsa. Shagon buga takardu ne ɗan ƙarami a bakin kasuwar Dungas: ordinata ɗaya, wato kwamfuta, injin fotokofi, sai benci. Yau ake rufe karɓar dosiye, takardun masu neman aiki. Wata ƙungiyar lafiya ce ke neman direban ambilans, kuma sun ce sai da sebe, takardar da mutum ke tsara tarihin aikinsa a ciki. A gida kuwa, can Mallawa, rumbu ya yi ƙasa tun damina ba ta faɗi ba, ga cikin matarsa ya tsufa.

Kowa ya ce masa ya je wurin Madam Habsatou. Sebe ɗin da ta buga, in ji mutane, ba ya kwana a kwandon shara.

Ta buɗe parminsa na tuƙi ta karanta sunan. Ta daɗe tana kallon hoton, har ya fara tsoron ko wa'adin parmin ne ya ƙare. Sai ta gyara zaman tabarau, ta jawo shafuka ukun da wani abokinsa ya rubuta masa da hannu.

"Shafi ɗaya za mu yi, Malam Harouna. Mai karantawa yana da tulin irinsu a gabansa."

Ta soke labarin lakwal ɗin firamare. Ta soke inda aka ce shi mai haƙuri ne, mai gaskiya, mai son aiki.

"Kowa mai gaskiya ne a takarda. Faɗa mini abin da hannunka ya yi."

Ya fara da in'ina, daga baya bakinsa ya saki. Shekarun da ya yi yana tuƙa motar wani porje, shirin agaji na ƙauyuka. Yadda ya san hanyoyin rairayi tsakanin Mallawa da Guci, inda ake rage wa taya iska, inda mota ke kafewa bayan ruwa. Yadda yake kai allurar rigakafi ƙauyuka ƙanƙara ba ta narke ba. Ita kuma tana bugawa, daga aikin ƙarshe tana komawa baya, kowane layi gajere, kowane yana farawa da abin da ya aikata. Ta ƙi lambar wayarsa ta layin Najeriya, ta ce ya ba da wadda in an kira za ta shiga. Ba ta yi masa murmushi ba, ba ta kuma ɗaga masa murya ba.

Sai suka iso inda yake gudu.

"Madam," ya rage murya, "ki sa ina porje har bara. Ki kuma sa ban taɓa haɗari ba. Ai haka suke so."

Yatsunta suka tsaya.

"Za su buga waya su tambaya. Ko ba su buga ba, ba na rubuta abin da ba a yi ba."

Ya sunkuyar da kai. Shekara biyu ke nan bai riƙe sitiyari ba. Ranar kasuwar Guci ce, wani yaro ya fito a guje daga bayan amalanke, motarsa ta buge shi. Mutane suka yi ta yi masa ihu ya gudu wurin jandarmomi kafin a taru a kansa. Bai gudu ba. Ya sunkuci yaron ya sa a kujerar baya, wata mata ta faɗa motar, ya ja har likitar Dungas, asibitin garin. Duk tsawon hanyar ya kasa ɗaga ido ga madubi. Yaron bai kai ba. A ƙofar gidan kakan yaron maza suka ce ƙaddara ce, sun yafe. Shi ne dai ya miƙa makulli ya koma gona. Bai faɗa wa Madam ko kalma ɗaya daga cikin wannan ba.

Ta sa watan da ya bar aiki daidai. Ya ɗauka cikin takardunsa ta gani.

"Giɓi ba a barinsa. Me ka yi a shekarun nan?"

"Noma. Da 'yan awaki."

"To, noma da kiwo. Ba abin kunya ba ne."

Daga nan ta shiga wani layi. Ta buga, ta goge, ta sake bugawa. Ya ga ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ya ce a ransa hasken ordinata ne. An fara kiran azahar, kuma da la'asar za a rufe biron ƙungiyar, inda ake karɓar takardu.

Injin ya tofo takardar. Fes take, babu cunkoso. Ta karanta masa Faransancin tana juyawa da Hausa, har ta zo layin ƙarshe.

"Ya taɓa ɗaukar mai mummunan rauni daga Guci zuwa likitar Dungas. Bai tsere ba, bai ɓata lokaci ba."

Ya ɗora yatsa a kan layin.

"Madam, a cire wannan. Za su tambaye ni wa ya ji masa raunin."

"Sai ka faɗa musu. Aikin ambilans suke bayarwa, kuma wannan layin ya fi sauran duka nauyi. Tashi ka kai, kada su rufe."

Ya miƙe da takardar a hannunsa. A bakin ƙofa ya juyo.

"Amma ni ban faɗa miki ba. Wa ya gaya miki?"

Ta tura masa parminsa har bakin teburin, ba ta ɗago ba.

"Fuskarka sai yau na gan ta a hoton nan. Sunanka da ƙeyarka kawai na sani. Ni ce a kujerar baya, da kan ɗana a cinyata."