Direba Mai Jin Yaren Caina

Direba ya share gumi, ya dubi ɗan Cainan da zai ɗauke shi aiki. Ya daɗe yana koyon yarensu a manhajar waya, har ya cika wa sakatariyar kamfanin baki cewa ya iya kamar ruwa.

"To malam, yi masa magana," in ji ta.

Kansa ya kulle. Jumla ɗaya ce ta faɗo masa daga darasin wayar, ya sake ta da yaren Caina: "Agwagwata tana karanta jarida."

Shi ke nan, ya ce a ransa, aiki ya tafi.

Sai ɗan Caina ya miƙe da fara'a, ya kama hannunsa, ya amsa da Hausa raɗau: "Kakata kujera ce."

Ashe manhajarsu ɗaya. Washegari direba ya kama aiki.