Shukar da Aka Ɓoye wa Rana

Zauna, 'yata, in ba ki misali, tunda kin ce ɗanki ba zai je koyon sana'a ko'ina ba sai inda idonki ke ganinsa.

An yi wani tela da matarsa ta rasu, ta bar masa wata shukar ado a tukunyar ƙasa. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, duk kyanta a ganye yake: ja da ruwan ɗorawa da kore, ɗigo-ɗigo kamar atamfa. Marigayiyar a gindin katanga take ajiye ta, inda hantsi ke sauka. Da aka share makoki ya dubi tsakar gida, ya ga awaki, ya ga zafin rana, sai zuciyarsa ta karaya. Ya kai tukunyar ƙuryar ɗaki kusa da gadonsa, ya saki labule. Kullum sai ya ba ta ruwa ko ƙasar ba ta bushe ba, ya bi ganyen ɗaya-ɗaya yana gogewa da ƙyalle mai laushi. Sannu a hankali jan ya dushe, sabon ganye ya riƙa fitowa a ƙanjame, tsofaffin suna zuba, shi kuwa yana tsincewa yana sawa a aljihu.

Ran nan yayarsa ta zo duba shi, ta ga halin da ake ciki. Ta ce, "Ƙanena, ba akuya ce za ta kashe ta ba, kai ne." Ta fitar da ita waje, ta kewaye ta da ƙaya, ta ce kada ya ba ta ruwa sai ya tsoma yatsa ya ji ƙasa ta bushe. Kafin a jima sauran ganyen ma suka kakkaɓe, sai kara tsirara. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Yakan miƙa hannu zai mayar da ita ɗaki, sai kuma ya janye. Wata safiya ya ga toho a jikin karan. Rana ta yi ta dukan ganyen har ja ya keto ta jijiyoyinsa. Ya tsuguna a gabanta, ya yi kukan da ya kasa yi ranar jana'iza. Kafin damina ta fita, matan unguwa na sallama suna roƙon reshe su dasa, yana yanko musu da almakashinsa.

Shi ya sa Hausawa ke cewa: ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi.