Hancin Attajiri

Ya tsaya a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa a Babura, ya shaƙi iska har ƙirjinsa ya cika. Bai ji komai ba.

Wata bakwai ke nan hancinsa ya daina jin ƙanshi, tun wani zazzaɓi, kuma bai gaya wa kowa ba. Shi da turarukansa suka cika kantunan Dubai da Paris. Shi da ma'aikata dubu uku suke jira ya shinshina kwalba ya gyaɗa kai kafin kaya su fita. Jibi za a ƙaddamar da sabon turare, kwalbar samfurin tana aljihunsa.

Tun yana yaro, ba ya shiga ɗakin nan sai ya faɗi abin da ta zuba a kasko.

Ta amsa sallamarsa daga ciki, ta ce, "Me na turara yau?"

Ya ce, "Kajiji da sandal, Iya."

Ya ɗaga labule ya durƙusa. Kaskon yana gabanta wankakke, ko toka babu.

Ya buɗe baki, ta dakatar da shi.

"Tun da Sallah na lura. Ni nawa hancin ya mutu tun kana tallan humrata a tashar Kazaure. Wa ya sani?" Ta miƙo hannu. "Kawo kwalbar, a kira mini matan maƙwabta. Zauna nan ka koyi kallon fuska in sun shinshina."