Famfon Tudun Maƙera

Tun da doka ta haɗa bututun gidan shugaban ƙaramar hukuma da famfon unguwa mafi nisa, in ruwa ya ɗauke a Tudun Maƙera, gidansa ma ya ɗauke.

Da hantsi Inna Delu mai ƙosai ta iso da bokitinta, ta tarar da Ciyaman Sallau cikin rami, laka har gwiwa, yana kama wa masu gyara.

"Ranka ya daɗe, yau kai ne a unguwarmu?"

"Inna, kwana uku ban yi wanka ba."

"Mu da muka shekara tara muna bin 'yan garuwa fa? Kullum muka je ofishinka, a ce kana taro."

Can famfo ya yi tari, ya feso ruwa, matan da ke kan layi suka rangaɗa guɗa. Wata 'yar fitila da ke jikin famfon ta ƙyafta, wata murya daga na'urar cikinsa ta ce, "Delu Mamman, bismillah." Ta yi turus, don ba ta taɓa yin rajistar sunanta a ko'ina ba. Sannan ta tara bokiti.

Ciyaman ya miƙo hannu zai wanke laka.

"Ranka ya daɗe," in ji Inna Delu, "bi layi."