Lambar da Bai Manta Ba

"An rage takardun, Baba," in ji ma'aikaciyar ofishin fansho. "Shafi arba'in ya koma ɗaya. Lambarka ta soja kawai za ka faɗa."

'Yar tsohon ta sunkuyar da kai. Shekara tara tana rako shi nan da ƙunshin takardu, har tsufa ya mantar da shi sunanta.

Sai ga tsohon ya miƙe, ya ƙame, ya zayyano lamba tiryan-tiryan.

Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, murmushinta ya ɗauke.

"Ai wannan ba taka ba ce, Baba. Mai ita ya rasu a bakin daga."

"Na sani," ya ce. "Ni na goyo gawarsa. A fara sallamarsa, ya fi ni daɗewa yana jira."