Tsutsa Mai Goyo

Dogo ya kasa zaune ya kasa tsaye. Tsutsa na cinye masa tumatir, na ƙanensa kuwa a bayan shinge sai sheƙi yake. Ya dinga bin kunyoyi yana ɗaga ganye yana tsaki. In ya ga tsutsa mai fararen ƙwayoyi a baya kamar shinkafa, sai ya tsinke ganyen, ya waiga, ya wurga gonar ƙanen.

"Je ki ƙyanƙyashe can, shi ma ya ɗanɗana."

Amma kullum tasa gonar ce ke ƙarewa. Ran nan ya ɗaga hannu zai wurga, sai ga ƙanen ya leƙo.

"Yaya, Allah ya bar zumunci! Ka manta da kanka, kana ta aiko min."

"Aiko me?"

"Masu goyon nan mana. Ai abin da ke bayan tsutsar ba ƙwanta ba ne. Wani ɗan zanzaro ke zuba ƙwai a cikinta, 'ya'yansa su ci ta da ranta, su fito su naɗe a bayanta. In sun fashe, sai su bi sauran tsutsotsin. Miƙo wannan ma."

Dogo ya mayar da hannunsa baya.

"Wannan ta gida ce."